Kunnen Gershon, Hannun Afiniki

Shekara arba'in da uku Afiniki ta yi tana auren Gershon Kumai, amma ba ta taɓa sa hannu cikin akwatin kayan aikinsa ba. Ba wai ya hana ta da baki ba ne. Tun da ta baro Madakiya tana amarya ta tare a kwatas ɗin reluwe na Kafanchan, ta tarar da akwatin a ƙarƙashin gado, koren ƙarfe mai nauyi, yana warin baƙin mai, sai ta riƙa zagaye shi da tsintsiya kamar yadda ake zagaye mai barci. Ita tana da gonar cittarta, da rumfarta a kasuwa, da zumuntar mata ranar Talata. Shi yana da injuna.

Makanikin kan jirgin ƙasa ne a loko, wurin gyaran jiragen reluwe, har ya yi ritaya. Abokan aikinsa sukan ce tun jirgi na nesa Gershon zai karkata kai ya faɗi abin da ke damun injin, kuma in an buɗe a tarar haka ne. Bayan ritaya suka koma gidan da suka gina a Katsit, ya ci gaba da gyaran janareta da injin niƙa a gindin mangwaron tsakar gida. Sai idanu suka fara tafiya. Daga gefe duhun ya soma ci, a hankali, kamar yadda gara ke cin tabarma, har ya zama yana kallon duniya ta 'yar ƙaramar kafa, daga baya ita ma ta rufe. Likita ya ce ba yana ba ce da za a kankare, jijiyar ce ta mutu. Masu janareta suka rage zuwa, waɗanda suka zo kuma shi da kansa yake sallamar su tun daga ƙofa. Da safe Afiniki takan kai shi gindin mangwaro ta ajiye masa rediyo da kofin kunu, in ta dawo da yamma ta tarar da rediyon a kashe, kunun ya yi sanyi. In ta yi masa magana da Hausa ya amsa da kalma biyu, in ta juya Jju, yarensu na gida, ya amsa da ɗaya.

A ƙarshen daminar bara 'yarsu Jacinta, wadda ke aikin jinya a Abuja, ta zo hutun kwana uku da wani kwali a bayan mota. Wani likita ɗan ƙasar waje da suka yi aiki tare ne ya koma gida, ya bar mata shi. A cikin kwalin akwai wata mota ja mai zanen rawaya, tsawonta bai wuce daga gwiwar hannu zuwa yatsu ba, tayoyinta ɓul-ɓul kamar na tarakta. Akwai rimot mai kunama irin ta bindiga da ɗan sitiyari a gefe, akwai ɗan littafi, akwai galan na wani mai ja-ja kamar zoɓon da aka cika wa ruwa.

Afiniki ta ja 'yarta kicin ta rage murya. Ta ce mata mutumin da ya yi shekara talatin da biyar yana kwance kan jirgi yana ɗaurawa, ba shi za a kawo wa abin wasan yara ba, wannan ai tuna masa da halin da yake ciki ne. Jacinta ta ce ba na yara ba ne, likitan kansa ya haura shekara hamsin, kuma ya ce tun da ya zo ƙasar nan motar ba ta yi masa tafiyar kirki ba, ta tashi ta mutu, ta tashi ta mutu. Ko ba ta tashi ba, in ji ta, a bar Baba ya samu abin riƙewa.

Kafin su fito, Gershon ya riga ya ɗora motar a cinya. Yatsunsa sun gano 'yan ƙarafa huɗun da ke riƙe da murfin, ya zare su, ya jera a aljihun gaba. Afiniki ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon yatsun suna yawo a cikin motar kamar masu neman ƙaya a ƙafar yaro. Suka bi tanki, suka bi siririn tiyo, suka hau kan wani dunƙulen ƙarfe mai haƙarƙari. Ya ɗaga motar ya kai hanci, ya daɗe yana shaƙa.

"Wannan ai inji ne," ya ce. "Har da kabureta."

Ranar Asabar gaba ɗaya Jacinta ta yi tana karanta masa littafin, yana sa ta maimaita. Afiniki tana tsintar acca a gefe, kunnenta yana ɗaukar abin da ya ɗauka. Injin ba ya shan fetur, sai wannan jan man, wanda guba ne, kuma in ya kama da wuta da rana ba a ganin harshenta, don haka kada ya kusanci murhu. Filoginsa ba ya tartsatsi, wata 'yar waya ce a ciki da ake kafa wa ɗan batir ta yi ja, in inji ya tashi a cire batirin. A jikin kaburetar akwai allura biyu: babba mai ba da mai in ana gudu, ƙarama mai ba da mai in ana tafiya a hankali, sai wani ɗan sukuru na silo, wanda ke hana inji mutuwa in mota na tsaye. Ranar Lahadi bayan sujada Jacinta ta koma.

Da safiyar Litinin Gershon ya ce a fito masa da akwatinsa. Afiniki ta jawo shi har gindin mangwaro, ta koma bakin kicin ta zauna da wuƙa da kwandon gwaza. Kwana biyu yana fama shi kaɗai. Tsagar kan allurar ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, sukudireba ta hau ta zame, ta hau ta zame. A rana ta biyu, da ya kwance filogi, wani ɗan zoben jan ƙarfe ya suɓuce ya faɗa cikin yashi. Ya sunkuya yana shafa ƙasa da tafin hannu, ya shafa nan, ya shafa can, bai kira ta ba. Ita kuwa tana hango zoben yana ƙyalli dab da diddigensa. Ta ƙirga har hamsin a zuci, sannan ta tashi ta ɗauka ta sa masa a hannu. Da za ta janye sai ya riƙe yatsunta, yana juya su kamar yadda ya juya motar.

"Maman Jacinta, hannunki ba ya rawa," ya ce. "Ara mini shi."

Haka ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna a gabansa, gwiwa da gwiwa. Shi ya faɗa, ita ta yi. Ta zare alluran, ta tarar tsohon mai ya daskare a jikinsu kamar ƙaro, ta jiƙa su a murfin kwalba da sabon mai, ta goge da tsumman tsohon ɗankwali. Ta wanke sosan da ke tace iska, ta shanya, ta ɗiga masa mai. Da za ta mayar da babbar allura, ya ce ta murɗa ta har ta ji ta taɓa ƙasa, amma kada ta matse, kamar yadda ake rufe ƙofar ɗakin mai jego, sannan ta dawo da ita baya zagaye huɗu. Ya ce daga yau ta ɗauki kan allurar nan agogo ne. In ta bi hannun agogo ta rage mai, in ta saɓa masa ta ƙara. Kuma ba a taɓa juya ta fiye da awa ɗaya a lokaci guda.

Tashin injin ya ci musu kwana uku. Da igiya ake tayar da shi, kamar ƙaramin janareta, sai dai gajeren ja ake yi. Afiniki ta ja har kafaɗarta ta riƙe. Sau biyu mai yana cika cikinsa igiyar ta ƙi jawuwa, sai Gershon ya sa ta cire filogi ta kife motar ta ja, mai ya yi tsartuwa a zanenta. Ranar Juma'a da hantsi, bayan an yi yayyafi an ɗauke, motar na kan bulo tayoyinta a sama, ta kafa ɗan batir ta ja sau uku, sai abin ya yi tari, ya sake tari, ya kama.

Kaji suka watse. Hayaƙi fari mai ratsin shuɗi ya fito ta salansa ya kwanta a tsakar gida, ƙasa-ƙasa, kamar hazon da ke sauka gindin dutsen Kagoro da safe. Ƙamshinsa ne ya tsayar da Afiniki. Ta san shi. Man zurma ne a ciki, irin wanda kakarta ke soyawa a kasko ta matse, ta shafa musu a ƙafa in sun yi faso. Tana tsugune a tsakar gidanta a Katsit, da furfura a kai, amma na ɗan lokaci ta ga bayan ɗakin kakar, da tulun da ke gindin gwanda, da ƙafafunta ƙanana a miƙe. Da ta ɗago sai ta ga mijinta ya karkata kai gefe guda, bakinsa a ɗan buɗe, kamar wanda ake raɗa wa magana.

Ya ce injin ya ƙoshi, mai ya yi masa yawa, ta ji yadda yake gurgura kamar mai kurkure baki. Amma ba a kan bulo za a gyara shi ba, don inji ba ya faɗin gaskiyar cikinsa sai yana ɗauke da nauyi. Dole motar ta taka ƙasa, dole wani ya tuƙa ta.

Afiniki ba ta taɓa tuƙa ko keke ba. Ranar farko ta ja kunamar rimot da ƙarfi, motar ta zabura ta daki bahon wanki. Rana ta biyu ta shige ƙarƙashin akurkin kaji, sai da muciya aka zaƙulo ta. Amma a cikin mako guda yatsanta ya koyi lallashi. Suka riƙa fita lungun bayan gida da hantsi, lokacin da unguwa ta yi tsit, ma'aikata sun tafi ofis, makarantu sun cika. Ya zauna a kujerarsa a bakin katanga. Ita ta kora motar zuwa gindin tsamiya ta dawo da ita, ya ce rufe awa ɗaya, ta rufe, ta sake korawa. In sun gama da babbar allura sai su koma kan ƙarama. Ya koya mata ta matse tiyon mai da yatsa biyu tana ƙirga: in injin ya mutu nan take, yunwa yake ji, in ya daɗe yana jan rai, ya ƙoshi, in ya ɗan ɗaga murya ya mutu tsakanin uku da huɗu, to an zo wurin. Ya koya mata ta ɗiga ruwa a kan injin bayan gudu, ta faɗa masa ko ɗigon ya zauna yana rawa ko ya ɓace, don in ya ɓace nan take zafi ya yi yawa.

Abin da ya ba ta mamaki shi ne gyaran ba ya zama. Abin da suka daidaita da hantsin Talata, in hadari ya haɗo ranar Laraba sai ya sauya. Gershon ya ce iska ce, ranar da take da laima daban, ranar da ta bushe daban, kuma inji iska yake ci fiye da mai. Ya faɗi haka da jimla mai tsawo, ya ƙara da labarin wani kan jirgi da ba ya son hawan Jos da damina. Ta lura kunun safe ya daina wuni a kofi.

Da farko ita duk kuka ɗaya take ji, ƙara ce kawai mai shiga haƙori. Sai wata rana, motar na dawowa daga gindin tsamiya, ta tuna da Matsirga, inda ruwa ke faɗowa daga dutse a ƙasarsu. Suna yara, daga gona suke jin sa. Da tsakiyar damina muryarsa kauri gare ta, mai nauyi, kamar ana magana da tuwo a baki. In rani ya yi nisa sai ta sirance, ta koma tsiii, kamar za ta tsinke. Akwai kuma 'yan makonni a tsakani, bayan an cire gyaɗa, da ruwan ke sauka da murya wasai, cikakkiya, ba nauyi ba rama. Daga ranar kunnenta ya buɗe. Ta riƙa jin babur ɗin da ya wuce ya ƙoshi, injin markaɗen maƙwabta yana jin yunwa. A zumuntar mata, ana tsakiyar waƙa, ta kama kanta tana tunanin da za a buɗe wa masu siririyar murya awa ɗaya da waƙar ta zauna. Wani lokaci tana yankan kuɓewa sai ta ga yatsunta sun tsaya suna murɗa abin da babu.

Ruwa ya ɗauke a farkon Nuwamba. Safiya ta fara sanyi, iska ta bushe, ganyen citta ya soma rawaya a gona. Wata Alhamis suka fita lungu kamar kullum. Motar ta tafi da wani irin gudu da ba ta taɓa yi ba, muryarta ta hau sama, siririya, mai kaifi. Gershon ya gyara zama, fuskarsa ta yi haske. Ya ce rufe awa ɗaya.

Afiniki ta tsuguna da sukudireba, amma ba ta kai ta kan allura ba. Ta gaya masa hayaƙin ya kusa ɓacewa, da ƙyar ta gan shi a dawowa. Ta ɗiga ruwa a kan injin, ɗigon ya yi tsalle ya ɓace kafin ta ce ɗaya. Ta gaya masa wannan ma. Ya ce ta rufe, ya san abin da yake yi.

"Baban Jacinta, yunwa yake ji," ta ce. "Ba zan rufe ba."

Bai ɗaga murya ba. Ya miƙa hannu, ta sa masa sukudireba a ciki, ta ɗora motar a kan bulo a gabansa. Ya lalubi tsagar da farcen babban yatsa, ya kafa, ya murɗa. Tana gani ya wuce awa ɗaya, ya wuce biyu. Ya karɓi rimot ya ja kunamar har ƙarshe. Tayoyin suka kumbura a iska don gudu, kukan ya hau, ya hau, har ta ji shi a cikin idanunta. Sai ya yanke, ɗif. Wani wari na ƙonannen ƙarfe ya tashi. Daga nesa aka ji wata mata tana daka.

Da injin ya huce ta cire filogin ta duba, 'yar wayar ciki ta narke ta tsinke. Guda ɗaya ya rage a kwali. Ta faɗa masa. Ta kwashe kayan, ta kama hannunsa suka shiga gida.

Kwana biyar ba wanda ya ambaci motar. Lokacin haƙar citta ne, Afiniki ta riƙa fita tun da sassafe tare da matan da ke taya ta, ta dawo da la'asar da jar ƙasa har gwiwa. A gona, in ta miƙe don ta huta da baya, takan ji kamar kukan injin yana tahowa daga bayan tudu, sai ta saurara ta ji ashe ƙudan zuma ne a furen ciyawa. Ba fushi take yi ba. Abin da take tsoro shi ne ta dawo ta tarar da kunu a kofi.

Rana ta shida ta shigo ta same shi da motar a cinya, yana jan igiyar a hankali, yana sauraron yadda take turjewa a hannunsa. Ya ce injin bai mutu ba, har yanzu yana da numfashi, Ubangiji ya rufa asiri. Ta ajiye fartanya ta zauna a kan bulo. Ya daɗe yana shafa haƙarƙarin injin kafin ya sake magana, da Jju ya yi ta, a hankali.

"Na ji abin da kika ji ranar nan. Kunnena bai lalace ba. Shekara uku komai nawa a hankali yake tafiya, da lalube. So na yi in ji abu ɗaya ya yi gudu har iyakarsa."

Afiniki ta dubi hannayenta, ƙasar gona ta cika farce. Ta tashi ta wanke su, ta ɗauko filogin ƙarshe daga kwali ta ɗaura. Ta ɗauki sukudireba ta tambaye shi awa nawa za ta buɗe.

"Ke za ki faɗa," ya ce.

Ranar Talatar da ta biyo ta aika wa shugabar zumunta cewa ba za ta samu zuwa ba. Ta sa shi ya sa rigarsa ta zuwa coci, ta naɗe motar a zane, ta zuba mai a ƙaramar kwalba, suka tari keke mai ƙafa uku zuwa tsohon filin reluwe. Ba ta gaya masa inda za su ba, amma suna tsallake layin dogo ya gane, ta ji hannunsa ya matse nata. Mai gadin wurin, Zamani, tsohon abokin aikinsa ne. Ya rungume shi, ya yi ta kiran sa da sunan da ake kiran sa a loko, ya buɗe musu, ya koma inuwarsa.

A bayan tsohuwar rumfar gyara akwai wani fili mai faɗi, ƙasarsa a daddaɓe tun zamanin da ake jibge kaya a wurin. A can ƙarshensa tsofaffin taragu ne a jere, sun yi tsatsa, ciyawa ta kai musu ƙugu, wata yaɗuwa mai shuɗin fure ta shiga ta tagogi ta fito. Dutsen Kagoro yana tsaye a bayansu, shuɗi-shuɗi, kamar an zana shi da alli a jikin sama. Ba kowa sai balbelu.

Ta tayar da injin da ja biyu. Ta kora motar ta dawo, ta buɗe babbar allura awa ɗaya. Ta sake korawa, ta rufe rabin awa. Gershon yana tsaye da sandarsa. A zagaye na huɗu muryar ta zauna, cikakkiya, wasai, siririn hayaƙi yana bin motar kamar zare. Ta matse tiyo ta ƙirga, ya ɗaga murya ya mutu a kan huɗu. Ta cika tanki, ta sake tayarwa, sannan ta karɓi sandar daga hannunsa ta sa masa rimot.

Ya ce me zai yi da shi. Ta ce filin babu abin da za a daka, ya ja kawai.

Ya ja kaɗan, motar ta gusa. Afiniki ta tsaya a bayan kafaɗarsa tana cewa hagu, dama, sassauta. Bayan zagaye biyu ta ga ya riga bakinta, kansa yana bin kukan, yatsunsa suna juya ɗan sitiyarin kafin ta yi magana, sai ta yi shiru. Motar ta riƙa zana manyan da'irori a filin, tana nisa har ta zama ɗigon ja, tana dawowa ta wuce ta gabansu da iskarta. Balbelu suka tashi suka sake sauka. Hayaƙin ya taru sama-sama a kan filin, rana ta ratsa shi, har Afiniki ta rasa ko minti biyar suka yi a tsaye ko tun jiya suke nan. Sai ya miƙar da motar, ya ja kunamar har ƙarshe, ya riƙe. Ta tafi kamar an harba ta, ta ratsa filin gaba ɗaya, ta faɗa cikin dogayen ciyayin da ke gindin taragu, ta ɓace.

Ya saki kunamar. Afiniki ta sa hannu a goshi tana dubawa, ba ta ga komai ba sai ciyawa tana kaɗawa. Ta ce motar ta ɓata.

"Tana nan," ya ce. "Ji ta, tana silo. Ba ta mutu ba."

Ita ba ta ji ba. Ya miƙa mata gwiwar hannunsa ta kama, ya shige gaba. Suka ratsa filin, suka shiga ciyawa, ƙaya tana kama mata zane. Yakan tsaya ya karkata kai, ya ɗan sauya hanya. Ita aikinta kawai ta ce ga ƙarfe, ɗaga ƙafa. Sai da suka wuce tarago biyu sannan kunnenta ya kamo shi, ƙasa-ƙasa, daidai-wa-daida, kamar mage tana barci.

A ƙarƙashin tarago na uku suka same ta, hancinta a cikin yaɗuwa, ba abin da ya karye. Afiniki ta sunkuya za ta jawo ta, ya ce ta bar ta, yana so ya ji ko za ta riƙe silo har mai ya ƙare. Suka zauna a kan matakalar taragon, ƙarfen ya ɗumama da rana. Ya shafa jikin ƙofar ya ce wannan na fasinja ne, irin wanda ke zuwa Fatakwal, ya fara lissafa mata tashoshin hanya ɗaya bayan ɗaya, da abin da ake sayarwa a kowace, inda ake samun lemo, inda ake samun doya gasasshiya da manja. Ta jingina kai da ƙofar ta lumshe ido. Kukan injin yana shigowa ta cikin ƙarfen har bayanta, ciyawa tana wucewa ta gefen idonta, sai ta ji kamar taragon ya ɗan motsa, kamar sun bar Kafanchan a hankali ba tare da an busa usur ba.

Suna wajen Makurɗi a bakinsa lokacin da injin ya ɗan ɗaga murya, ya yi shiru. Gershon bai tsaya ba, ya haye gada ya ci gaba da lissafi. Daga can bakin rumfa Zamani yana ƙwala musu kira, yana tambaya ko lafiya. Afiniki ta ɗaga masa hannu ba tare da ta buɗe ido ba.